Gyaɗa, Madara da Kifi: Abin da Cikinmu Ya Ƙi Karɓa

Wani malamin makaranta, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Shekara biyu na yi ina shan maganin ulsa, alhali gyaɗa ce ba ta jituwa da jikina. Da zarar na sha kunun gyaɗa, kafin rabin awa ciki ya fara murɗawa, amai ya biyo baya, borin jini kuma ya feso mini a wuya. Na bar kunun, amma ranar da na ci tsire abin ya dawo, domin ban taɓa kawowa a raina cewa da garin ƙuli-ƙuli ake haɗa yajin ba. Wanda ya ga irin wannan ya taimaka mana da labarinsa.

Wata uwa, Jega:
Wa alaikumus salam, Malam. Ɗana yana da wata huɗu na fara haɗa masa da madarar gwangwani, sai gudawa mai majina da ɗigon jini, kakarsa kuwa ta dage cewa haƙori ne. Likita ya ce furotin ɗin madarar shanu ne ke kumbura masa hanji, kuma irin wannan yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki kafin ya bayyana. Ya hana mu komawa ga nonon akuya saboda furotin ɗinsu kusan ɗaya ne. Na ci gaba da shayar da shi, ni ma na ƙaurace wa madara. Yanzu shekararsa uku, yana shan fura da nono lafiya lau.

Wani magidanci, Argungu:
Ni kifi ne, abin kunya ga ɗan Argungu. Ko romonsa na kurɓa, leɓena ya kumbura, ciki ya ɗaure. Matata kuma madara ke cika mata ciki da iska, amma kindirmo bai cika damunta ba.

Ma'aikaciyar jinya, Yawuri:
Alhaji, naka da na Hajiya ba ɗaya ba ne. Ita sinadarin laktes mai narkar da sukarin madara ne ya yi mata ƙaranci, shi ya sa kindirmo, wanda tsami ya rage wa sukarin, yake zauna mata. Kai kuwa garkuwar jikinka ce ke ɗaukar furotin ɗin kifi a matsayin maƙiyi, ta saki wani sinadari mai suna histamin, hanji ya matse ya zubar da ruwa, kuma ko ɗan kifi kaɗan ya isa ya tayar da ciwon. Idan amai ya haɗu da shaƙewar murya, wahalar numfashi ko jiri, a garzaya asibiti nan take, domin allurar adirinalin ake buƙata.