Biopsy (gwajin naman da aka tsakuro) bai nuna kansa ba amma ana maganar yi wa baba tiyatar fankiriyas

Salam. Don Allah masu sani a taimaka, kaina ya ɗaure.

Baba na da shekara 63, wata biyu kenan idonsa ya yi rawaya, fitsari kamar ruwan shayi, bayan gida kuma fari-fari, ga ƙaiƙayi da ba ya barinsa barci, ya rame har wandonsa sai an ɗaure. Da farko mun ɗauka ciwon shawara ne, muka yi ta ba shi magani a banza. Hoton CT ya nuna ƙari a kan fankiriyas (wani sashe a cikin ciki mai taimaka wa narkar da abinci) ya danne hanyar ɗaci, an sa masa stent (ɗan bututun buɗe hanyar) rawayar ta ragu. Gwajin jini na CA 19-9 (mai nuna alamar kansa) ya haura iyakarsa ta 37 sosai amma likita ya ce toshewar ma kaɗai tana iya ɗaga shi, aka zura kyamara ta baki aka tsakuro nama, sakamako ya dawo wai ba a ga ƙwayoyin kansa ba.

Yanzu likita ɗaya ya ce a yi tiyatar Whipple (wadda ake cire wani ɓangare na fankiriyas da na hanji) kai tsaye, ɗaya ya ce a maimaita biopsy, mu kuma kwana na tafiya.

Ana yin wannan babbar tiyata ba tare da biopsy ya tabbatar da kansa ba?