Yadda za a karanta wa yara The Secret Garden

Da hira ta zo kan wannan littafi na Frances Hodgson Burnett, wanda ya fito a 1911, kusan kowa ya ce kada a miƙa wa yaro shi a juya baya. Babi 27 ne, a riƙa karanta ɗaya tare kowane dare.

Farkonsa da nauyi. Kwalara ta kashe iyayen Mary Lennox a Indiya, aka kai ta gidan mijin gwaggonta a Yorkshire ta Ingila, yarinya ce sangartacciya mai baƙin rai. Wata malama ta ce a bar yara su ƙi ta tukuna, sai daga baya a tambaye su me ya sauya ta.

Turancin ƙauye na Martha, 'yar aikin gidan, da ƙanenta Dickon kan sa harshe ya harɗe, a fassara shi kawai. An ɗan yi gardama kan kalaman raini ga Indiyawa: wasu suka ce a tsallake, ni dai ina bayan masu cewa a tsaya a yi bayani.

Ranar da Mary ta buɗe ɓoyayyen lambun gidan da aka kulle shekara goma, a ba yaro gwangwanin madara, ya huda gindinsa, ya shuka wake.