Ƙanwata ta sake yin yaji, Baba ya ce sai ta koma, ya zan yi?

Bawan Allah daga Ringim:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a wani ƙauye nan kusa da mu, 'ya'yanta biyu, mijin nata dukanta yake kamar ya samu jaka. Shekaranjiya da magariba wani maƙwabcinsu ya kawo ta a mashin, ido ɗaya ya kumbura ba ya ko buɗuwa, leɓe a fashe, wai laifinta ta tambaye shi kuɗin cefane bayan ya kai riɗi kasuwar Gujungu ya sayar. Baba ya ce in an zo biko ta bi su, aure ɗan haƙuri ne, Inna kuma sai kuka take tana cewa ita ma haka ta zauna. Yarinyar ta ce ta gaji, amma tana tsoron kar ya ƙwace yaran, kuma in aka ce khul'i ba mu da abin da za mu mayar masa. Ni wlh raina cewa yake in tara samari mu je mu yi masa lilis.

Malamin Islamiyya:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka ajiye zancen samari, kai za a kama, shi kuma ya koma wanda aka zalunta. Maganar khul'i kuma mutanenmu sun ɗauka ita kaɗai ce ƙofar fita ga mace, alhali a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, in ta tabbata miji yana cutar da matarsa alƙali na iya raba auren ba tare da ta mayar da ko sisi na sadaki ba. Kuma ba dole sai wani ya ga dukan da idonsa ba, a cikin littafin fiƙihu na Tuhfa an ce cutarwa tana tabbata da shaidu ko da labarin da ya bazu a tsakanin maƙwabta. Yara kuma riƙonsu na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, in uwar ta yi wani aure riƙon ya koma wajen kakarsu ta wajen uwa, ci da sha da sutura kuma suna wuyan ubansu. Ka tuna wa Baba cikin ladabi abin da Nana A'isha ta faɗa, cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba.

Nas ɗin karkara:
Yaya kafin komai ku kai ta asibiti yau ɗin nan, idon nan ba abin wasa ba ne, a duba kunnenta ma, mari yana fasa dodon kunne mace ta zauna da shi ba ta sani ba, kuma a tambaye ta ko tana da ciki. Ku ce a rubuta abin da aka gani a kati ku adana, ka ɗauki hoto da wayarka kafin kumburin ya saɓe, don in an je gaban alƙali bayan sati biyu fuska ta warke sai ya ce faɗuwa ta yi a bakin rijiya, mun sha jin irinta. Kuma Jigawa tana da dokar hana cin zarafi, VAPP, gwamnan lokacin, Badaru, ya sa mata hannu a 2021, duka laifi ne ko da mijinki ne ya yi. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ba sa karɓar kuɗin mai ƙorafi.

Dattijon Taura:
Ku yara komai kotu. A fara da mai unguwa da dagaci mana, a kira waliyyinsa a ja masa kunne. In auren ya mutu wa zai ci da ita da yara biyu a wannan tsadar hatsin, ku da kuke rubutu a waya?

Uwar Biyu:
Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, amma "ta sake" fa ya ce, wato an sha jan kunnen nan bai jawu ba. Maganar ci kuwa, shi da yake hana ta kuɗin cefane dama ci da ita yake? In sulhun za a yi to a yi shi a gaban Hisba ko alƙali a rubuce da sharaɗi, ba a zaure da goro ba. Kuma duk cikinmu har da Baban nata babu wanda ya ce a zaunar da ita a tambaye ta me take so, ita ake duka fa.

Bawan Allah daga Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu zan nemo mashin mu tafi asibiti. Na tambaye ta, ta ce ba ta komawa. Baba ne ba zan iya tunkara da wannan maganar ba, sai dai in je in ɗauko Kawu, shi yake jin maganarsa. Malam, in an shigar da ƙara a kotun garinmu za a yi ko sai ta garin mijin?