Ta ina zan fara koyar da sauyin muhalli a sakandare?

Malamin labarin ƙasa, Mai Wurno, Sudan:
Assalamu alaikum, malamai. Ɗalibaina suna haddace ma'anar kwararowar hamada tsaf, amma ba sa ganin yadda take taɓa sana'ar iyayensu, kuma abin yana damuna. Ta ina ya dace in fara?

Malama, Madani:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da kogin da ke ƙofar gidansu. Ka nuna musu yadda madatsar ruwa ta Sinnar da ke kan wannan kogin, wadda aka kammala a 1925, ta mayar da yankin Jazira ƙasar auduga, sannan ka tambaye su halin da manomi ke shiga idan laka ta cike magudanar ruwa a tsakiyar lokacin ban ruwa.

Tsohon malami, Gadarif:
Ni nakan tura su wajen kakanninsu su tambayo labarin farin 1984, lokacin da makiyayan Kurdufan da Darfur suka rasa dabbobinsu, da yawansu suka yada zango a gefen Omdurman. Wata ɗaliba ta dawo da sunayen itatuwan da kakarta ta ce sun ɓace daga ƙauyensu, muka rubuta su a allo ɗaya bayan ɗaya.

Malamin labarin ƙasa:
Allah ya saka da alheri. Zan haɗa da ambaliyar 2020, domin wannan sun gan ta da idonsu.