Waɗanda kuka yi dogon zama a garin bakin teku, yaya kuka yi bayan ɗoki ya wuce?

Baƙon Agadir:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa yin dogon zama a garin shaƙatawa na bakin teku. Ba zuwan mako guda a otal nake nufi ba, zaman watanni nake nufi, mai haya da wanki da cefane. Aikina a kwamfuta yake, duk inda na sami intanet nan ne ofis, shi ya sa na zaɓi in yi hunturu a Agadir, a ƙasar Maroko. Garin ba shi da laifi. Bayan girgizar ƙasar 1960 aka sake gina shi, tituna masu faɗi, ga doguwar hanyar tafiya da ƙafa da ta bi gaɓa. To amma ɗoki ya wuce. Tekun da nake tsayawa ina kallo, yanzu sai in wuce ban ɗaga kai ba. Abin da ya fi damuna shi ne mutane. Duk wanda muka fara sabawa, kafin a je ko'ina ya ɗaure kaya. Hirar ma kullum iri ɗaya: daga ina kake, yaushe ka zo, yaushe za ka koma. Ga shi yawancin haɗuwar dare a mashaya ake yi, ni kuwa ba na sha. Ku da kuka riga ni, yaya kuka yi?

Dattijo a Alanya:
Wa alaikumus salam ɗana. Abin da kake ji kowa ya ji shi. Ni tun da na ajiye aiki nake yin hunturu a Alanya, a gaɓar Bahar Rum ta Turkiyya, kuma abu na farko da zan gaya maka shi ne ka san da wa kake zuba hira. Mutanen irin wannan gari ba ɗaya ba ne. Akwai 'yan mako, waɗanda suka zo da abin wuyan hannu na otal, su hutu ya kawo su, ba zumunci ba. Akwai 'yan hunturu irinmu, masu dawowa duk shekara. Sannan ga masu gari. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. In ka zuba duk ƙarfinka a kan raɓa, kullum hantsi ya yi sai ka ga wayam.

Abin da ya yi mini magani shi ne zama wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Kowace safiya ina takawa har gindin Jar Hasumiya, wadda Sarkin Saljuƙawa, Turkawan da suka mulki yankin a da, ya gina a 1226, in zauna a benci guda kusa da tashar jiragen ruwa. Akwai wani tsoho Bajamushe mai sanda da yake wucewa a daidai lokacin. Mun daɗe ba abin da ke haɗa mu sai ɗaga kai. Wata rana mura ta kwantar da ni ban fita ba. Da na dawo sai ya tsaya, ya dogara sandarsa a jikin bencin, ya nuna ƙirjinsa yana tari, wato yana tambaya ko rashin lafiya ce ta hana ni. Daga ranar muka zama abokai, ba Jamusanci a bakina, Turancinsa kuma guntu-guntu ne. Mai shara da masu gyaran kwale-kwale duk ta haka muka saba. Mutum sai ya riƙa ganinka har ya lura da ranar da ba ka nan, sannan ka shiga lissafinsa.

Kuma hunturu ne lokacin da ya dace. Daga Nuwamba otal-otal da yawa suna rufewa, masu kiran baƙi a ƙofar kanti su daina kira, kowa ya sami lokacin magana. Sai dai ka shirya wa sanyin cikin gida, domin don zafi aka yi ginin, daɓen tayil ne, ruwan Disamba da Janairu kuma ba wasa.

Mai Nutso a Hurgada:
Baba, na yarda da maganarka, amma kada mu yar da 'yan mako gaba ɗaya. Ni nutso ne ya zaunar da ni a Hurgada, a gaɓar Bahar Maliya ta Masar, kuma wasu daga cikin aminaina a jirgin ruwa muka haɗu, kwanansu kaɗan a garin. Bambancin shi ne abu muka yi tare. Wanda ya duba maka tulun iska kafin ka faɗa ruwa, kai ma ka duba nasa, ba ya tsayawa tambayarka daga ina kake. A ƙarƙashin ruwa ma ba magana, da hannu ake yi.

Malam mai tambaya, game da mashaya: garin bakin teku gari biyu ne, na dare da na asuba, kuma da wuya su haɗu. Ka koma na asuba. Masu gudu, masu iyo, masunta, masu hawan igiyar ruwa, duk da wuri suke kwanciya, ba wanda zai tambaye ka dalilin da ba ka sha. Kai da kake Agadir ma ka yi sa'a, Tagazut na nan arewa da kai ba nisa, can masu hawan igiyar ruwa suke taruwa. Ko ba za ka shiga ruwa ba, ka je ka ga yadda safiya take a can.

Abu ɗaya da nake so mu riƙa tunawa, kuma yana ci mini rai idan na ga an manta: ma'aikatan da muke kira 'yan gari, da yawansu su ma baƙi ne. A nan mafi yawan waɗanda na sani daga yankin Kena da Luksor na kudancin Masar suka zo, iyalinsu na can, sai an yi makonni suke leƙawa gida. Kewar da ke damunmu tana damunsu, ga kuma fargabar da mu ba mu da ita. Bayan faɗuwar jirgin saman Rasha a Sina'i a ƙarshen Oktoban 2015 aka dakatar da jiragen da ke kawo Rashawa, ba su dawo garuruwan gaɓar nan ba sai Agustan 2021. Direban jirginmu yakan ba da labarin shekarun nan, yadda abokan aikinsa suka watse ɗaya bayan ɗaya. In kana son abota da irinsa, ka same shi bayan ya tashi daga aiki, inda ba shi yake yi maka hidima ba. A bakin aiki murmushinsa na kowa ne.

Baƙon Agadir:
Allah ya saka da alheri, Baba da Yaya. Maganar gari biyu ta shige ni. Da na duba, a masallacin unguwa ne kawai nake ganin fuskoki iri ɗaya kullum, sai dai ana sallamewa nake ficewa.

Dattijo a Alanya:
To ai ga bencinka nan ɗana. Ka daina saurin ɗaukar takalmi.

Uwar Yara a Paje:
Sannunku da hira. Ni da yara na yi nawa zaman, a Paje, gabashin tsibirin Zanzibar na Tanzaniya, maigida yana aiki a tsibirin. A can teku ne yake tsara wa mutum yini. Ruwa yana cika ya janye sau biyu a rana, tsakanin cika da cika kamar awa 12 da minti 25, saboda haka kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wanda kuka yi alkawarin haɗuwa a bakin ruwa yau da ƙarfe tara, mako mai zuwa ruwan ya janye daga wurin a wannan lokaci. Kowa da jadawalin ruwa a wayarsa. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu ruwan ya fi janyewa, ya tafi can nesa har ka ga kamar ba zai dawo ba.

A wannan janyewar na sami ƙawaye. Matan ƙauyen suna noman ciyawar teku, su kafa turaku a cikin yashi su ɗaura igiyoyi, su zauna a ruwa iya gwiwa suna ɗaure 'yan rassa. Ƙaramar 'yata ce ta fara zuwa ta tsuguna kusa da wata tana kallo, matar ta miƙa mata igiya ta nuna mata ƙulli. Ni kuma na bi ta da 'yar gaisuwar Suwahili da na koya. Gaskiya duk wanda zai daɗe a wuri ya koyi gaisuwarsu da ƙirgansu, ko da bai wuce nan ba. Fuskar mutum tana sauyawa idan ka gaishe shi da harshensa.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne rabuwar yara. Babba yana iya daurewa, yaro ba ya iyawa. Lokacin iskar kudu da suke kira kusi, daga Yuni zuwa Satumba, masu wasan lema a kan ruwa, waɗanda iska ke jan su a kan allo, suna cika garin da iyalansu, haka ma lokacin iskar arewa, kaskazi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Yarana su yi abokai, iska na kwantawa a kwashe su. Babban ɗana ya kai ga cewa ba zai ƙara wasa da kowa ba tunda duk tafiya suke yi. Sai na fara gaya musu tun ranar farko cewa wane zai tafi ranar kaza, kuma ranar tafiyar mu je mu yi sallama sosai, a yi musayar zane-zane. Hakan ya fi a wayi gari a ga ƙofa a kulle.

Masu shirin zuwa, iskar gishiri tana cin ƙarfe. Zip ɗin jaka, makulli, almakashi, bakin cajar waya, duk sai sun yi tsatsa. Lokacin ruwan Maris zuwa Mayu kuwa takalmin fata da aka ajiye a kabad fumfuna yake yi.

Ɗan Kwamfuta a Fuket:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A nan Tailan ba iska kaɗai ke kwashe abokai ba, har da biza. Kowa yana yawo da ranar ƙarewar izininsa a ka, ita ce ma ake fara tambaya bayan suna. Tun da aka fito da sabuwar bizar masu aiki daga nesa a Yulin 2024, mai ba da kwana 180 a kowace shiga, na ga mutane sun ɗan natsu, har ana iya shirya abu na wata mai zuwa. Ni damina na fi so, daga Mayu zuwa Oktoba. Gari ya yi sauƙi, waɗanda suka rage su ne masu zama da gaske. Sai dai a lokacin ne ake kafa jar tuta a gaɓar yamma, kuma don Allah duk wanda ya ga jar tuta kada ya shiga. Akwai ruwan da ke jan mutum zuwa ciki. In ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, ka yi iyo a gicciye har ka fita daga hanyarsa, ka ɗaga hannu a gan ka.

Ga masu aiki a kwamfuta: kada ka yi aiki a ɗakin da kake kwana. Ka biya kuɗin tebur a ofishin haɗaka, ko da sau biyu a mako. Ba don intanet ba, don ka sami wanda zai ce maka tashi mu je mu ci abinci.

'Yar'uwa Mai Zaman Kanta:
Ni kaɗai na yi nawa zaman, kuma na mace daban ne. A garin hutu wasu suna ɗauka duk macen da ke zaune ita kaɗai jira take a zo a yi mata magana. Na daina zama a bakin ruwa da yamma saboda haka, abin ya ƙona mini rai ƙwarai, don wurin na kowa ne. Ajin koyon harshe ne ya cece ni. Mata ne mafi yawa, wasu sun auri 'yan gari, sun san likitar kirki, sun san unguwar da ake tafiya da dare lafiya.

Sai gargaɗi ɗaya. Sabo a irin wannan wuri yana saurin zurfi, cikin 'yan kwanaki mutum ya gaya maka sirrin da bai gaya wa 'yan gidansu ba, domin ya san ba za ku daɗe tare ba. Wannan ba ya nufin ka san shi. Wata da muke cin abinci tare kusan kullum ta ce katin bankinta ya toshe, na ranta mata kuɗin haya. Ta bar gari ba sallama, lambarta ta daina shiga. Ban daina taimako ba, amma yanzu abin da zan iya yafewa kaɗai nake bayarwa.

Dattijo a Alanya:
Allah ya mayar miki da alheri 'yata. Mu ma mun ga irinsa. Wani abin da ya raba mu da abokai a nan shi ne doka. A 2022 hukumomin Turkiyya suka rufe bayar da sabon izinin zama a unguwannin da baƙi suka haura kashi 20 cikin 100, Mahmutlar ta nan Alanya na ciki. Ga haya ta tashi bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya turo mutane da yawa. Masu gari da ke aiki a otal suka rasa gidan da za su iya biya kusa da wurin aikinsu. Ina faɗin wannan ne don mu sani cewa zamanmu yana da nauyi a kan wasu. In ka ji ɗan gari yana ƙorafin haya, ka saurara, kada ka ce ai da araha.

Mai Nutso a Hurgada:
Akwai abin da ba a taɓo ba, rashin lafiya. Wani maƙwabcina mai zaman kansa zazzaɓi ya kayar da shi a ɗaki, mai gadin gidan ne ya lura bai sauko da shara ba, ya hau ya buga ƙofa. Tun daga nan mu da ke bene ɗaya muka yi yarjejeniya: kowa ya bar makulli ɗaya a hannun wanda ya yarda da shi, ya rubuta lambar wani nasa da takardar inshorarsa ya manna a bayan ƙofa. Hajiya ta Paje, ke da kika zauna da yara, yaya kuka yi da asibiti in abu ya taso da dare? Akwai iyalin da ke shirin zuwa can, suna tambayata.