Kogon da bakinsa ya yi kamar rijiya: yaya ake auna shi, kuma yaya ake lissafa halittun ciki?

Ɗalibin Duwatsu:

Assalamu alaikum. Masana, ina neman ƙarin haske. Akwai wani kogo a cikin dutsen farar ƙasa, bakinsa a ƙasa yake kamar rijiya, faɗinsa bai wuce mita 3 ba. Idan aka saki tsakuwa takan ɗauki kusan daƙiƙa 3 kafin a ji saukarta. Da damina wani ɗan rafi yana ɓacewa a cikinsa, da magariba kuma jemagu suna fitowa. Mu biyar ne, muna so mu zana taswirarsa mu kuma rubuta irin halittun da ke ciki. Muna da kamfas, tef na mita 30 da ma'aunin gangara. Biyu daga cikinmu ne suka koyi sauka da hawa a igiya. Daga ina za mu fara?

Mai Igiya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tukuna ku ajiye tef da kamfas. Daƙiƙa 3 ɗin nan, idan aka cire lokacin da ƙarar take ɗauka kafin ta dawo kunne, kusan mita 40 ke nan a tsaye. Ukun da ba su koyi igiya ba kada su sauka sai sun ƙware a waje, a inda za a iya sauko da su idan sun maƙale. Ƙwarewar da nake nufi ita ce mutum ya iya juyawa daga sauka zuwa hawa yana rataye a tsakiya, ya kuma iya tsallake ƙullin da ke jikin igiya. Wanda ya suma yana rataye a ɗamarar da ke haɗa shi da igiya, jini na taruwa masa a ƙafafu, cikin mintoci kaɗan abin zai iya zama ajali.

Rafin nan da ka ambata shi ya fi damuna. Irin wannan rami ruwa ne ya haƙa shi: ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon daga ƙasa ya zama ɗan tsami, ya bi tsagar dutsen yana narkar da shi shekara da shekaru. Wato ramin magudana ce, kuma har gobe aikinsa ke nan. A 1967 mutum shida suka mutu a kogon Mossdale na Ingila da ruwa ya cika shi bayan an yi ruwan sama a waje. Yaran nan 12 da kociyansu da suka maƙale a kogon Tham Luang na Tailan a 2018, su ma ruwa ne ya toshe musu hanya. Saboda haka aikinku na rani ne. Kuna sauka kuma ku ɗaga fitila ku duba bango da rufi: idan kuka ga ciyawa, kara ko busasshen kumfa a maƙale can sama da kanku, to nan ruwa yake kaiwa.

Igiya kuwa, marar miƙewa ake amfani da ita, mai kaurin milimita 10 zuwa 10.5, wadda ke ɗauke da lambar inganci ta EN 1891 nau'in A. Ta masu hawan dutse tana miƙewa, za ta riƙa lilo da ku tana goga a dutse. Sabuwa a jiƙa ta, a shanya a inuwa, sannan a auna tsawonta, domin takan tsuke da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. A sama a ɗaure ta a wuri biyu masu zaman kansu, nauyin ya rabu a kansu. Dutsen farar ƙasa da ruwa ya ci kaifi gare shi kamar aska, don haka kada igiya ta taɓa bango ko'ina. Inda za ta goga, a sake ɗaure ta a ƙasa da wurin, ko a janye ta gefe da wata 'yar igiya. A yi ƙulli a ƙarshenta na ƙasa, kamar mita ɗaya daga bakin igiyar, kafin a cusa ta a jaka, don kada mai sauka ya zame ya fice daga ƙarshenta. Mantuwa da wannan ƙullin ta kashe gwanaye.

Wanda ya fara sauka ya share duwatsun da ke rawa a bakin ramin tun babu kowa a ƙasa. Kowa da hular kwano da fitila uku. Kada ku gaza huɗu a ciki: idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman taimako. A bar wani a sama da ya san ƙarfe nawa zai fara kiran agaji idan bai gan ku ba.

Tsohon Safiyo:

Malam Mai Igiya ya gama magana kan sauka. Ga awo.

Taswirar kogo sarƙa ce ta layuka. Za ku zaɓi tasha, wato wani tsinin dutse ko alama da ba ta motsi, ku ba ta lamba. Daga tasha 1 zuwa tasha 2 abu uku ake ɗauka: tsawo, kusurwar kamfas, da gangara. A kowace tasha kuma a rubuta nisan bangon hagu, na dama, rufi da ƙasa. Aikin mutum uku ne: mai jan tef yana zaɓen tasha, mai karanta na'urori, da mai littafi. Mai littafi shi ne sarkin tafiya, ba wanda zai gusa sai ya ce ya gama. Duk lambar da aka faɗa masa ya maimaita ta da ƙarfi, domin a cikin amon kogo "sittin" da "tis'in" ba su da nisa. Fensir ake amfani da shi a kan takarda mai jure ruwa, kuma zanen a wurin ake yin sa bisa sikeli, misali 1:200, wato santimita 1 a takarda daidai da mita 2 a kogo. Wanda ya ce zai zana a gida daga abin da ya tuna, ƙarya zai zana ba da niyya ba.

Lissafin ba wuya. Layi mai mita 12 da gangarar digiri 30 ƙasa yana nufin kun sauka mita 6, kun yi gaba mita 10.4. Manhajoji kamar Survex da Therion kyauta ne, suna yin wannan su kuma fitar da zanen.

Tashar farko a waje take, a ɗauki wurinta da GPS a kafa alama mai ɗorewa. A cikin rijiyar kuwa kamfas ba ya aiki, don layin da ya miƙe tsaye ba shi da gabas ko yamma. A saki igiya siririya da nauyi a ƙarshenta daga tashar sama, a jira ta daina lilo, a rubuta gangara 90 ƙasa. Tunda tef ɗinku mita 30 ne, sai ku raba rijiyar biyu a inda aka sake ɗaure igiya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙarfe. Fitilar goshi, batir, ƙugiyar ƙarfe, har firam ɗin tabarau, duk suna jan allurar kamfas. Kuskuren digiri ɗaya a layi mai mita 10 yana kautar da tasha da santimita 17, kuma idan dalilin fitilarka ce, kuskuren zai iya yin ta taruwa daga layi zuwa layi. Gwajin mai sauƙi ne: a waje, ka saita kamfas kan wani abu mai nisa, ka kusanto da fitilar a hankali ka ga inda allura ta fara motsi. Maganinsa shi ne karanta kowane layi gaba da baya. Bambancin karatun biyu ya zama digiri 180. Idan ya kauce da fiye da digiri 2, a sake nan take. Sannan ku rubuta ranar awo, domin arewar kamfas ba ita ce arewar taswira ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana sauyawa da wuri da shekara.

Idan hanyar ta zagaya ta dawo wata tasha da kuka riga kuka auna, ku rufe zoben, shi ne zai tona muku asirin aikinku. Kuskuren da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tsawon zoben ba, aiki ya yi kyau. Idan ya yi yawa, yawanci ba na'ura ba ce, an juya lamba ne ko an rubuta "sama" a maimakon "ƙasa". Ma'aunin ƙungiyar binciken kogo ta Birtaniya, BCRA, mataki na 5, yana neman kusurwa daidai cikin digiri ɗaya, wurin tasha kuma cikin santimita 10. Da kayanku za ku iya kaiwa nan.

Shawarata, ku riƙa aunawa kuna shiga. Masu cewa bari mu ga ƙarshensa tukuna mu auna a hanyar dawowa, a gajiye suke dawowa, littafin kuma fari fat.

Mai Lissafi:

Ƙari kaɗan kan maganar Baba Safiyo. Idan kuka samu na'urar awo ta DistoX2, wadda ake haɗawa a jikin ma'aunin nisa na Leica X310, harbi ɗaya na hasken leza yana ba da tsawo, kusurwa da gangara, ya tura wa manhajar TopoDroid a waya. Amma sai an daidaita ta da harbi 56 a wurin da babu ƙarfe, kuma a riƙa gwada ta kafin kowace tafiya. Wadda ba a daidaita ba tef da kamfas sun fi ta, don lambobinta za su fito tsaf alhali duk a karkace suke. Hasken kuma yana ruɗewa a kan ruwa da cikin feshin ruwa.

Malamar Halittu:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanena, abu na farko: duk halittar da kuka gani, ku rubuta ta da lambar tashar da ta fi kusa. "Gizo-gizo fari, tsakanin tasha 14 da 15, a jikin bango mai danshi, mita ɗaya daga ƙasa" bayani ne da wani zai iya bi bayan shekara goma. "Mun ga gizo-gizo a ciki" ba ya amfanar kowa.

Kogo kashi uku ne. A baki akwai haske da tsirrai, nan za ku yi hattara da ƙudan zuma, macizai, mujiya, wani lokaci da beguwa. Sai inda haske ke dusashewa, wurin gyare da kwaɗi da gizo-gizo. Sai duhu tsantsa, inda zafi ba ya sauyawa sosai, yakan yi daidai da matsakaicin zafin shekara na wajen. Halittun ma uku ne: baƙi masu kwana su fita kiwo, kamar jemage; masu iya zama ciki ko waje; da 'yan gida na ainihi, waɗanda ba su da ido ko launi, ƙafafunsu da gashin kan da suke laluba hanya da shi dogaye. Ƙwaron farko na wannan rukuni da masana suka bayyana, Leptodirus hochenwartii, a kogon Postojna na Sulobeniya aka same shi a 1831. A ruwan cikin kogwannin yankin ne kuma Proteus anguinus yake, wata halitta fara dangin kwaɗo mai dogon jiki, wadda kan yi shekaru ba ta ci komai ba. Wannan ya nuna muku yadda abinci yake da wuya a can.

To a nan rijiya irin taku take da daɗin bincike. Ganye, itace da dabbobin da suka faɗo suna taruwa a gindinta su yi tudu, kuma tudun nan shi ne rumbun kogon. Shi da tarin kashin jemage. Ku durƙusa a gefe da gilashin ƙara girma ku ba shi minti 15 cif, kuna ɗaga dutse ɗaya bayan ɗaya kuna mayar da shi yadda yake. Da farko ba za ku ga komai ba, sai ido ya saba ku fara ganin ɗigo-ɗigo farare suna tsalle a kan ruɓaɓɓen itace. Lokacin ya zama iri ɗaya a kowane wuri don a iya kwatantawa. Hoto da rula a gefe ya wadatar a mafi yawan lokuta. Idan masani ya nemi samfur kuma kuna da izini, ɗaya ko biyu kawai, a giyar asibiti mai ƙarfin kashi 70, ko kashi 96 idan gwajin ƙwayar halitta za a yi, da takardar bayani da fensir a cikin kwalbar. Kada a bar tarko a manta da shi, zai iya ƙarar da halittar da duk duniya nan kaɗai take.

Jemagu daga waje ake ƙirga su. Ku zauna gefen ramin kafin faɗuwar rana, mutum biyu kowa da nasa lissafin, dare biyu ko uku. Idan lokacin goyo ne, ku ɗage aikin ɗungurungum, domin uwa ta firgita takan yar da ɗanta. A ƙasashe masu sanyi haka ake kiyaye lokacin dogon barcinsu na hunturu, don kowace farkawa tana cinye musu kitsen da za su kai bazara da shi. A ciki, ku wuce ƙarƙashinsu shiru, fitila a ƙasa, ba tsayawa.

Ku kula da lafiyarku. Busasshen kashin jemage yana iya ɗauke da naman gwari mai jawo cutar huhu ta histoplasmosis, alamunta kan bayyana kwana 3 zuwa 17 bayan an shaƙa, kamar zazzaɓi da tari. A sa takunkumi N95, kuma duk wanda ya kwanta bayan tafiyar ya gaya wa likita ya shiga kogo. Jemagen nan mai cin 'ya'yan itace, Rousettus aegyptiacus, shi ke ɗauke da cutar Marburg, wani mugun zazzaɓi mai sa zubar jini. A 2008 ta kama masu yawon buɗe ido da suka shiga wani kogo a Yuganda. Ba a taɓa jemage da hannu. Wanda ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da sabulu minti 15 a tafi allurar cizon mahaukacin kare. Mu ma muna kai musu cuta: naman gwarin da aka fara gani a jihar New York a 2006 ya kashe miliyoyin jemagu a Amurka ta Arewa, shi ya sa ake wanke takalmi da tufafi da kaya tas kafin a shiga wani kogon.

Ɗalibin Duwatsu:

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: wani ya ce a kunna ashana a ƙasa, idan ta ci to iskar lafiya lau. Haka ne?

Mai Igiya:

Kada ku dogara da wannan. Wuta tana nuna ƙarancin iskar oksijin ne, ba ta auna iskar kabon, wadda ke taruwa a gindin rami inda ganye da kashin jemage ke ruɓewa kuma iska ba ta zagayawa. A waje kusan kashi 0.04 cikin ɗari take. Ta kai kashi 3 ciwon kai da haki sun fara, ashana kuwa tana iya ci. Ku nemi na'ura mai auna duka biyun, ku zura ta da igiya har ƙasa kafin mutum ya sauka. Oksijin ya gaza kashi 19.5, a fasa. Mai saukar farko ya tafi da kayan hawansa a ɗaure a jiki, ya tsaya kowane mita 10 ya yi magana da na sama. Ya ji yana haki alhali ba wani aiki yake yi ba, ya juya nan take, don hawa mita 40 yana buƙatar numfashi fiye da sauka.