Neman mai fassara Yarabanci da Inyamuranci a Zariya

Maman Hanifa: Salam 'yan uwa. Don Allah wa ya san wanda zai fassara min takardar jikin robar yajin citta zuwa Yarabanci da Inyamuranci? Kwastomomina na kasuwar Mile 12 ta Legas da na Onisha sun ƙaru, ina so in sa yadda ake amfani da shi da yarensu.

Abba PZ: Hajiya ki sa a waya kawai, minti ɗaya ta gama miki, kyauta.

Hajiya Bilki Tudun Wada: Abba rufa mata asiri. Maman Hanifa tsaya ki ji nawa, bara na buga sitika dubu 3 na man shafawata, wani yaro ɗan makaranta ya yi min Yarabancin kuma wallahi daidai ya yi, amma da na kai wajen bugu sai kwamfutarsu ba ta da waɗannan ɗige-ɗigen na ƙasan harafi, mai aikin ya share su duka wai ƙazanta ce, ni kuma ina na sani, na biya na kwaso kayana ina murna. To ashe ọwọ́ mai ɗigo hannu ne, owó mara ɗigo kuɗi ne. Maimakon a shafa a hannu sai ya koma a shafa a kuɗi. Matar da ke sarar kayana a Ibadan ta kira ni tana dariya har da tari, wai Hajiya ko maganin kasuwa kika fara sayarwa ne, mu saya da katan? Kwana 4 ni da yara muna ɓamɓare sitika da ruwan zafi, har yau in na ga robar nan sai gabana ya faɗi.

Abba PZ: Ai da kin bar shi haka, da ya fi shiga kasuwa 😂

Malam Sani Samaru: Abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne. Yarabanci karin sauti 3 gare shi, wato hawa da saukar murya mai canza ma'anar kalma, ọkọ miji, ọkọ̀ mota, ọkọ́ fartanya, oko kuma gona. Ibo ma haka, akwa ɗaya tana iya zama ƙwai ko zane ko gado ko kuka. Su biyun dangin Neja-Kongo ne, mu Hausa 'yan Chadi ne, can nesa muna da dangantaka da Larabci. Ki shiga ABU, sashen harsunan Afirka, ki tambaya, za su haɗa ki da ɗan yaren. Ki ce masa Igbo Izugbe kike so, wato daidaitacce, don maganar Onisha daban ta Owerri daban. Ƙa'idar rubutunsu, wadda ake kira Onwu, tun 1961 aka tsayar da ita.

Ɗan Kano: Malam an fara lacca ke nan. Ku Zage-zagi ku fara gyara taku Hausar tukuna, mota ya zo, rana ya faɗi.

Malam Sani Samaru: Bakano, a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na edita. Zo Tukur-Tukur in nuna maka kamfanin Gaskiya. Kuna can kuna auna gyaɗa muna koya muku rubutu.

Ɗan Kano: Da kuɗin gyaɗar aka sayi tawadar.

Aunty Rabi: Wani abu kuma Maman Hanifa, a gabansu ki ce Ibo, ba sa son ɗaya sunan, na taɓa shan kunya a shagon wani a Sabon Gari.

Maman Hanifa: Kai, na gode Aunty, bakina ya saba ne.

Hajiya Bilki Tudun Wada: Ko wa ya yi miki, kafin ki biya mai bugu ki ce ya fitar da guda ɗaya tak, ki kai wa matan Yarabawa masu sayar da elubo, garin doya na amala, a kasuwar Sabon Gari su karanta da ƙarfi a gabanki. In sun yi murmushi akwai matsala. Kuma ki duba Hausar ma, ni ya taɓa mayar min da baƙi baki.

Usman Kwangila: Wai robar yajin nawa ce yanzu? A ajiye min 2.

Maman Hanifa: Malam Sani turo min lambar ta bayan fage. Usman sai Asabar, cittar ba ta iso daga Kachia ba.